Dokar Shafi na Arba'in da Ɗaya

Beltsville, Maryland
6 ga Maris, 2011

Zuwa ga Almu, kurtun da ya tuɓe kaki ya koma ƙarƙashin bas,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa daidai matsayinka, ina fata kana lafiya, kai da Lami, baiwar Allah da aka jarrabta da zama da kai. Ya sanyi, ya baƙin mai? Na rubuto da hannu ne saboda ba ka buɗe imel, in kuma na kira waya ƙarar guduma kawai nake ji, kana ta "iye? iye?" kamar kurma. Tsakanina da Landover minti ashirin ne in babbar hanyar Beltway ta yi sauƙi, amma gara in manna kan sarki da in hau benen nan naku mai warin soyayyen kifi.

Ga kwali nan tare da wasiƙar. A ciki akwai shuɗin ƙyalle, shi ne teku. Akwai jiragen ruwan yaƙi goma sha biyu na dalma, kowanne bai wuce ɗan yatsa ba, ni na yi musu fenti da hannuna. Akwai jiragen sama masu jefa bam guda ashirin, da tef na awo, da ƙwayar lido biyu, da littafi mai shafi sittin da huɗu. Littafin shi ne maganar.

Ka san duk Asabar muna haɗuwa a kulob ɗinmu na Greenbelt, mu sake buga yaƙe-yaƙen ruwa na Yaƙin Duniya na Biyu a kan tebur. Na san za ka ce wasan yara, to na riga ka faɗa, ka huta. Dokokin da ake wasan da su ba su iya harin jirgin sama a kan jirgin ruwa ba, shi ya sa na zauna na rubuta nawa. Shekara bakwai na yi a kansu. Yanzu wani dattijo, Mista Bartholomew, tsohon malamin tarihi mai 'yar maɗaba'a ta irin waɗannan littattafai, ya yarda zai buga su da sunana a bango. Ba na ɓoye maka, ban taɓa son wani abu a ƙasar nan kamar yadda nake son in riƙe littafin nan a hannuna ba.

Sharaɗinsa ɗaya ne. A ba wanda bai taɓa wasan ba, ya karanta shi kaɗai, ya buga ba tare da an yi masa bayani ba, sannan ya rubuto abin da ya gani. Ya ce a nemo mutum mai matsakaiciyar fahimta. Na ce masa ina da wanda bai ma kai haka ba, in dai ya gane, kowa a Amurka zai gane.

Don kana ɗan Kawu Muntaka, ni kuma ɗan ƙanwarsa, shi ne kake yawo kana gaya wa mutane ni bawanka ne. To, ubangida, yau bawanka ya ba ka aiki, mako uku. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa mini jirage.

Ka gaida Lami da ban haƙuri.

Taubashinka da ya fi ka,
Dokta Munzali

*

Landover
29 ga Maris, 2011

Bawana Munzali,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, kifin ma lafiya. Ina gaida matarka Umaima, Allah ya ba ta ladan zama da ƙaton mutum mai furfura da ke yi wa jirgin dalma fenti da gashin gira. Ka yi haƙuri da takardar, bayan fom ɗin gareji ne, shi ya dace da darajar aikin.

Mun buga sau tara a falo. Mun matsar da tebur, mun shimfiɗa tekunka a ƙasa. Lami ta riƙe jiragen ruwa, ni na riƙe na sama. Turancin littafinka ba laifi, duk da ka cika "bisa la'akari da". Bindigogin kakkaɓo jirage sun yi daidai. Jiragen da ke surowa ƙasa kamar shaho kafin su saki bam, su ma na bar maka su.

Amma masu jefa bam daga can ƙololuwa, Dokta, ka yi shirme, kuma shafi shida ka ɓata wajen yin sa. A dokarka jirgin ruwa ne ke fara matsawa, ya tsaya, sannan ni in zo kansa in jefa lido in duba jadawali. To bam ɗin naka a ina ya yi tafiya? Ka ɗauka ana sakinsa yake isa, kamar imel ɗinka? Shekara goma sha tara na yi a sojan sama ina rataya wa jirage bam, ina kuma tsaye a filin atisaye ina kallon inda yake faɗuwa. Daga tsayin da ka rubuta, bam yana yin rabin minti a iska. A rabin minti jirgin ruwa mai gudu ya yi tsawonsa biyu, in kuma matuƙinsa ya murɗa sitiyari ya bar wurin gaba ɗaya. Mai jefa bam ba jirgi yake nema ba, wurin da jirgin zai je yake nema. Duk yaƙin ke nan, mutum biyu kowa na ƙoƙarin karanta zuciyar ɗan'uwansa. Kai ka cire wannan ka miƙa wa lido. Lami ta juya hagu, ta juya dama, har ta gwada tsayawa cak, duk ɗaya. Daga baya ta ce ita gara ta je ta duba miya, in kira ta in an nutsar da ita.

Ga gyara, kyauta, tunda kai marayan tunani ne. Mai jirgin sama ya rubuta a 'yar takarda inda zai saki bam, ya kife ta. Sannan mai jirgin ruwa ya matsa yadda ya ga dama. Sai a buɗe takarda a auna da tef. In jirgin saman ya yi sama sosai, na ruwa ya matsa sau biyu kafin a buɗe. In ya sauko ƙasa, sau ɗaya, amma bindigogi su fi samunsa. Lido a bar shi don iska kawai.

Mun gwada haka sau huɗu. Ban nutsar mata da ko kwalekwale ba. Shekara ashirin da shida da aure, matar nan ta san inda zan jefa tun kafin in ɗauki biro. Miyar ma ta ƙone ranar, ba wanda ya tashi.

Ka fassara wa Baturenka wannan yadda yake. Jirgi ɗaya ya karye a hanci, ba ni ba ne, ƙafar kujera ce.

Ubangidanka har abada,
Almu, Saja mai ritaya

*

Beltsville
5 ga Afrilu, 2011

Kurtu,

Sallama da gaisuwa. Takardarka ta iso, sai da na buɗe taga kafin na karanta ta.

Da farko, Mista Bartholomew ba Bature ba ne, baƙar fata ne ɗan asalin Maryland, kuma ya karanta littattafan da ko ɗaga su ba za ka iya ba. Na biyu, jadawalin da ka kira shirme, hari ɗari biyu da goma sha huɗu na tattara kafin na gina shi. Hutuna na shekara uku a ɗakin adana tsoffin takardun gwamnati na cinye shi, ina karanta rahoton matuƙa ɗaya bayan ɗaya. Rabin mintin da kake taƙama da shi yana cikin lissafin, an narkar da shi a cikin lambobi. Ba laifinka ba ne da ba ka gan shi ba.

Wai a rubuta a takarda a kife. Wannan ai 'yar canke ce irin ta bakin kasuwa. Ni injiniya ne, ina auna abu, ba na canka. Kuma ka riƙa tunawa, rataya bam kawai ka yi. Mai ɗaura wa doki sirdi ba shi ke ba da labarin sukuwa ba, ballantana a kira shi ya rubuta littafi.

Na fassara wa Mista Bartholomew abin da ya cancanta daga rahotonka, layi biyu: cewa ka karanta ka gane, kuma kun buga sau tara ba tare da taimako ba. Sauran na ajiye, ko za a buƙaci abin kunna gawayi ranar gashin nama.

Jirgin da ka karya shi ne mafi girma a cikinsu, kwana huɗu na yi ina fentinsa. Ka maido mini da kwalina.

Allah ya ƙara maka basira, ko kaɗan ce.

Dokta Munzali

*

Landover
4 ga Satumba, 2011

Ɓarawo ɗan Gwaggo,

Salamu alaikum, da fatan an yi Sallah lafiya. Ka gaya wa Umaima masar ta yi daɗi, Allah ya saka. Maigidan ne dai ba shi da kyau.

Ranar Sallah da muka zo, na sauka ɗakin ƙasa in yi alwala, sai ga littafinka na gwaji a kan tebur, da bango mai sheƙi da sunanka da "Dokta" ɗinka. Na ce bari in duba shirmen nan ko ya ƙara girma. Na buɗe shafi na arba'in da ɗaya, ina neman jadawali, babu jadawali. Shafi shidan nan sun koma ɗaya. Me na gani? A rubuta a takarda, a kife, jirgi ya matsa, a buɗe, a auna. Har da sau biyu in an yi sama, sau ɗaya in an sauko. 'Yar canke ta bakin kasuwa ta sa kwat ta ɗaura nakatayi, an raɗa mata suna "Tsarin Munzali".

Na zauna a matakala na yi dariya har sai da alwalar ta so karyewa. Na duba shafin godiya, na ga ka gode wa 'yan kulob goma sha ɗaya, da matarka, da wata mata mai kula da takardun tarihi, Olive, da kamfanin da ke sayar maka da fenti. Kamfanin fenti, Munzali. Na hau sama na ci naman kazarka fiye da ƙa'ida, ban ce maka komai ba don akwai baƙi.

Kada ka ɗauka fushi na yi. Taubashi ba ya fushi, ka sani na sani. Ina dai so ka san cewa na gani. Umaima ta ce ranar ashirin da biyu ga Oktoba za ka nuna wasan a taron shekara, a otal ɗin nan kusa da tashar jirgin ƙasa na Metro ta Greenbelt. Na riga na canza shif da wani. Zan zo in ga yadda ɗana ya girma a hannun mariƙi.

Ka gaida yara, ka ce musu su riƙa kulle ɗakunansu.

Ubangidanka,
Almu

*

Beltsville
10 ga Satumba, 2011

Kurtu mai leƙen ɗakunan mutane,

Gaisuwa a taƙaice, aiki ya yi mini yawa.

Tunanin ya daɗe yana yawo a kaina, maganarka dai ta zo ta taras da shi. Kuma ko da a ce naka ne, to sai me? Wa ya ɗauke mini agogon da Baba ya saya mini na shiga jami'a, ya sa shi a hannu har shekara biyu yana gaya mini lokaci? Wa ya tafi da sabuwar hulata ranar ɗaurin aurena, na shiga hoto da aron hula? Na kai ka ƙara? Abin taubashi na taubashi ne. Kai ka faɗi magana a bayan fom ɗin gareji, ni na gwada ta sau sittin, na daidaita tazarar da lissafi, na mai da ita doka. Ɗanyen abu ka kawo, kuma ba a rubuta sunan mai kawo itace a jikin kujera.

Ka zo taron in kana so. Ka sa tufa mai tsabta, ka zauna a baya, ka yi shiru. Mutanen wurin masu ilimi ne.

Dokta

*

Beltsville
23 ga Oktoba, 2011

Almu,

Sallama, don addini ya ce a yi.

Zan rubuta maka abin da ka yi jiya dalla-dalla, saboda na lura har ka fita daga zauren nan kana murmushi, ba ka san abin da ka aikata ba.

Mutum sama da arba'in ne a kewaye da teburina. Na yi kusan awa guda ina bayanin yadda dokar shafi na arba'in da ɗaya ta zo mini, an buga an gani, jiragen ruwa suna zillewa, mutane suna tafi. Wani tsohon sojan ruwa ya riƙe hannuna ya ce shekara talatin yana wasan nan bai taɓa jin gabansa ya faɗi a kan tebur ba sai yau. Mista Bartholomew yana gefena. Ya hango ka da babbar riga, ya tambaye ni ko ɗan'uwana ne, ya yafito ka da kansa. Sai ka dafa kafaɗata, ka buɗe muryar fareti, ka ce da Turanci: "Wannan bawana ne, gadonsa na yi. Kuma ɓarawo ne tun yana yaro, shafi na arba'in da ɗaya a falona ya sato shi." Ka tuntsire da dariya kai kaɗai.

Bawa, Almu. A Maryland. A gaban dattijon da aka sayar da kakannin kakanninsa a garuruwan da muke wucewa kullum a mota. Shekara goma sha huɗu kana ƙasar nan, kanka na ƙarƙashin bas, ba abin da ya shiga cikinsa sai hayaƙi. Ba ka ga dattijon ya cire tabarau ya ninke ba?

Na yi ta zuba bayani kamar ɗan makarantar da aka kama, cewa al'ada ce, ɗan mace da ɗan namiji suna zagin juna, ba a nufin komai. Ya saurare ni har na gama. Ya ce ya san akwai irin wannan a duniya, kuma ba shi zai koya wa mutane yadda za su yi da danginsu ba, amma kada a sake faɗin kalmar a inda yake. Sannan ya juya gare ka ya ce, "Magana ta biyun fa? Ita ma wasa ce?" Nan ne ya kamata ko jaki ya gane ya yi shiru. Kai kuwa ka sa hannu a aljihu ka zaro 'yan takardun da kuka yi wasa da su da Lami, da kwanan wata a jiki, kana nuna masa, wai don a ƙara dariya.

Yau da safe ya aiko mini da saƙo. Ya dakatar da bugu. Ya ce shekara arba'in yana kayar da ɗalibai a kan ɗaukar aikin wani, ba zai fara buga shi da tsufansa ba. Yana son takarda daga hannunka kafin ƙarshen Nuwamba: ko dai dokar taka ce a sa sunanka kusa da nawa a bango, ko ka rubuta cewa ba ka da wani haƙƙi a kanta. In babu takarda, babu littafi.

Shekara bakwai, ka rushe su da numfashi ɗaya saboda kana so a kalle ka. Ka zauna ka rubuta masa cewa wasa kake yi, ka aiko mini in gyara Turancin.

Munzali

*

Landover
27 ga Oktoba, 2011

Bawan da ba a faɗa da Turanci,

Wa alaikumus salam, tunda ka yi.

Kalmar farko kuskurena ne, na ɗauka. Bakina ya riga kaina, na ji kamar muna can gida a zauren Kawu Fatihu ne ana shan fura. Na ji kunya, kuma ba kai za ka gaya mini yadda zan wanke ta ba.

Kalma ta biyu kuwa ba kuskure a ciki. Awa guda na zauna a baya, da tufa mai tsabta kamar yadda aka umarce ni, ina jin ka kana ba da labarin yadda tunanin ya faɗo maka a kan Beltway, kana cikin cunkoso, ka ga wata mota ta canza layi. Wallahi ka iya. Har ni na kusa yarda. Agogo da hula da kake lissafi, ai a gabanka na ɗauka, kowa ya san naka ne a hannuna, daɗin abin ke nan. Ban taɓa tara jama'a na ce musu ni na haɗa agogon ba.

Ba na rubuta komai ta gidan waya. Ka hau benen nan mai warin kifi, ka zauna a falona, ka zage ni son ranka, in rama, mu ci tuwo. Sannan mu ɗauki biro mu rubuta wa dattijon nan tare. Asabar da Lahadi duk ina gida.

Almu

*

Landover
13 ga Nuwamba, 2011

Zuwa ga Yaya Munzali,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Anti Umaima da yara, da fatan an yi Babbar Sallah lafiya, duk da ba mu gan ku ba. Lami ce. Bai san na rubuto ba.

Ni dai ban taɓa ganin abin takaici irin na ku biyun nan ba. Maza masu shekara hamsin da ɗoriya, ɗaya Dokta ɗaya Saja, kun tsaya kuna aika wa juna takarda kamar 'yan matan makarantar kwana, a kan jirgin da bai kai cokalin shayi ba. Da abin ya tsaya a nan da ban sa baki ba.

Asabar biyu ke nan yana sa ni in tuƙa tuwo da miyar kuka da man shanu, irin wanda kake so. Ya zauna a kujerar da ke kallon wurin ajiye motoci. In magariba ta yi ya ce in rufe, wai shi dama ba ya jin yunwa.

Akwai abin da ba ka sani ba. Ranar da kwalinka ya iso, ya yi ta zaginka yana buɗewa, amma sai da ya wanke hannu sau biyu. Ya karanta littafin nan da fensir har ƙarshe. Da ya gano abin rabin mintin nan, tashi ya yi tsaye yana nuna mini da cokali da murfin tukunya yadda bam ke tafiya. Tun da muka zo ƙasar nan ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da ya sani. Tayar bas ake tambayarsa. Duk garejinsu sai da ya gaya wa cewa taubashinsa zai fitar da littafi, kuma akwai hannunsa a ciki. Wani abokin aikinsa ɗan Kumasi, Mumin, har yau yana tambaya yaushe za a ga sunan. Ranar Sallar da ya ga shafin godiyarka, dariyar da ya ce maka ya yi, a matakala ta ƙare.

Kuma ya je wurin dattijon nan da ƙafarsa, ya hau Metro ya canza bas, ya ba shi haƙuri a kan kalmar da ya faɗa. Sun yi awa biyu. Dattijon ya tambaye shi ko yana son sunansa a bango, ya ce wannan maganar tsakaninsa da ɗan'uwansa ce.

Ni ban ce ka sa sunansa ba, ban ce kada ka sa ba. Littafinku ne, ni miyata ma ta ƙone a kansa ba wanda ya gode mini. Na dai ce minti ashirin ne. In girman kan ne ba zai shiga motar ba, ka bar shi a gida ka taho kai kaɗai.

Na bar ka lafiya.

Ƙanwarka,
Lami

*

Beltsville
19 ga Nuwamba, 2011

Zuwa ga Malam Almu Muntaka,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya tare da iyali. Allah ya sa haka, amin.

Na buga wannan da na'ura don komai ya fito fili. Na yi nazari a kan lamarin cikin natsuwa, kuma ina ba da haƙuri idan wasu kalamaina na baya sun ɓata maka rai. Ina matuƙar girmama gogewarka ta aikin soja da gudummawar da ka bayar wajen gwada wasan.

Ina roƙon ka fahimci matsayina. Na riga na yi bayani a gaban jama'a, kuma wasu daga cikinsu abokan aikina ne a ofis. Idan suna na biyu ya fito a bango yanzu, kowa zai san abin da hakan ke nufi, kuma ba zan iya sake shiga kulob ɗin ba. Saboda haka, don Allah, ina neman alfarmar ka sa hannu a takardar da na haɗo. Layi uku ce: cewa abin da ka faɗa a taro wasa ne na al'ada, kuma ba ka da wani haƙƙi a kan dokar. Na sa ambulan mai kan sarki da adireshin Mista Bartholomew, ba sai ka wahala ba. A nawa ɓangaren, zan ƙara sunanka a shafin godiya tare da muƙaminka na soja.

Na so in zo da kaina, amma ayyuka sun yi yawa a wannan watan. Saura kwana goma sha ɗaya wa'adin ya cika.

Ina godiya ƙwarai da fahimtarka. Allah ya bar zumunci.

Naka cikin girmamawa,
Dr. Munzali Umaru

*

Landover
24 ga Nuwamba, 2011

Zuwa ga Dokta Munzali Umaru,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya, mun gode.

Takardarka ta iso. Sau uku na karanta ina neman zagi ko ɗaya a ciki, ban samu ba.

Ban sa hannu a taka ba, na rubuta tawa. Na gaya wa Mista Bartholomew cewa abin da na faɗa wasa ne kuma gaskiya ne, cewa na ba ka dokar kyauta tun ranar da na aiko ta, kuma ba na son sunana a bango ko a shafin godiya. Ya kira ni ya ce hakan ya ishe shi. Littafinka zai fito a Janairu. Allah ya sanya albarka.

Ba sai ka zo ba, ranka ya daɗe. In mun haɗu a masallaci za mu gaisa.

Ɗan kawunka,
Almu Muntaka